Daminar da Aka Ƙona Allurar Maciji

Akwai abubuwan da mutum yake mantawa ba tare da ya sani ba, akwai kuma waɗanda zai roƙi Ubangiji ya mantar da shi su ƙi tafiya. Daminar da aka ƙona allurar maciji a wani ƙaramin asibiti na ƙasar Kauru tana cikin na biyun. Yau na yi jikoki, idona ma sai da tabarau, amma wannan kam ba zan manta da shi ba har ranar da za a rufe ni.

A shekarun ƙarshe kafin a shiga dubu biyu ina aiki a Kafanchan, a wani shagon buga takardu da ke kusa da tashar jirgin ƙasa. Mai shagon, wanda kowa ke kira Oga, ɗan ƙabilar Ibo ne, amma a Kafanchan aka yanke masa cibi. Aikin reluwe ne ya kawo babansa, shi ma a reluwen ya yi aiki, ɓangaren masu ba jirgi hannu, har zuwa lokacin da jirgin ya fara zuwa yau ya ɓace wata guda. Hausa a bakinsa ta fi tawa daɗi, ni da sai na shiga firamare na fara haɗa ta da yarenmu. Da girmansa ya koyi kwamfuta, kuma ya koye ta irin koyon mai zuciya.

Wannan zamani ne na jabun magunguna. 'Yan kasuwa sukan kankare ranar lalacewar magani su buga sabuwa, mutum ya sha ya ƙara kwanciya. Ƙananan asibitocin majami'u da ke ƙauyukanmu sun sami kyautar tsofaffin kwamfutoci, yawanci wasiƙa kawai ake bugawa da su. Sai Oga ya zauna ya rubuta musu wata manhaja, mu a lokacin furogiram muke cewa, wadda ke lura da ɗakin magani. In magani ya shigo a shigar da sunansa da ranar lalacewarsa, in wata ya ƙare ta fitar da waɗanda suka lalace a je a ƙona. Ko kwabo bai taɓa karɓa a kanta ba. A kowane faifan kwamfuta da ya fitar yakan sa har da asalin rubutun da ya gina ta da shi, ya ce duk mai iyawa ya karanta, ya gyara, ya ba wani, sayarwa ce kawai bai yarda ba. Yakan yi dariya ya ce in 'yan uwansa na Gabas suka ji yana raba guminsa kyauta, za su ce mutanen Arewa sun yi masa asiri.

Mutane kuwa sun gyara. Akwai wani malamin lissafi a Kagarko, akwai wani saurayi mai haɗa magani a Sabon Tasha, ga ni kuma a shago. In ɗayansu ya ga inda take ɗingishi sai ya gyara rubutun, ya naɗe faifai a takarda ya ba direban bas ya kawo. A nan dai ƙofa a buɗe take.

Inda ƙofar take a rufe shi ne wajen fitarwa. Rubutun nan ba ya aiki da kansa, sai an bi da shi ta wasu manhajoji sun mayar da shi abin da kwamfuta za ta gane, sannan a haɗa shi da wasu ƙananan guntaye a juye a faifai. Duk wannan a kwamfuta ɗaya ake yinsa, wadda ke cikin ɗakin Oga a gidansa na kwatas ɗin reluwe, an lulluɓe ta da tsohon zanen Mama, matarsa. Ranar Asabar yakan shige ya turo ƙofa. Nakan zauna a bayansa ina miƙa faifai, ina kallon yadda yake cire wani layi, ya haɗa, ya mayar da layin, ya canja wa wani abu suna, ya koma baya ya sake. Ba a rubuce yake ko'ina ba, a kansa yake. In ya gama ya gwada, sai ya ɗauki jan biro ya sa hannu a bayan kowane faifai. Wannan sa hannun doka ne, domin an taɓa kawo wani faifai daga Kaduna ɗauke da cuta, ya share wa wani asibiti aikin shekara. Tun daga nan aka gargaɗi kowa: abin da ba ya ɗauke da jan biron Oga kada a kusantar da shi kwamfuta, kada kuma a saurari mai shi.

Ni dama ba a san ni da haƙuri ba. Tsafi nake kiran wannan zama na Asabar, a gabansa kuma.

"Oga, wannan tsafin naka ya yi tsawo. In ka yi tafiya fa?"

"Ina zan je, 'yata? Jirgin ma ya daina tafiya."

"To ka faɗa mini ina rubutawa. Ko mu haɗa shi duka wuri ɗaya, mutum ya danna sau ɗaya ya huta."

"Za ki koya. Bari hankalinki ya zauna tukuna, ke komai da gudu. Wannan abu rayukan mutane ne a ciki."

Ba rowa ba ce, wannan na shaida. Mutumin da ya yi shekaru yana ba jirgi hannu ya san cewa kuskure ɗaya ya isa, saboda haka bai yarda da hannun kowa ba sai nasa. Ni a lokacin taurin kan tsofaffi kawai nake gani, in yi tsaki in ci gaba da miƙa faifai.

Farkon damina sai ga saurayin nan na Sabon Tasha ya zo da kansa, bai aiko direba ba. Ko ruwa bai sha ba ya buɗe jaka ya fito da kwalin magani sabo fil, ya ce manhajarmu ta ce wannan ya lalace. Muka duba. Abin ashe mai sauƙi ne, sauƙinsa ma shi ya fi ban tsoro. Manhajar lambobi biyu na ƙarshen shekara kawai take karɓa. Yanzu kuwa an fara kawo magungunan da sai a shekara ta dubu biyu za su lalace, a jikinsu an rubuta sifili biyu. Ita kuma da ta ga sifili biyu sai ta ɗauka shekarar ta wuce tun zamanin kakanni, ta jefa maganin cikin na ƙonawa. Wato mafi sabunta a cikin kaya shi take aika wa wuta. Kuma a daidai lokacin ne aka raba wa asibitocin ƙauye allurar dafin maciji, saboda damina ce, manoma suna cikin ciyawa, kububuwa kuma ba ta san wasa ba.

Kafin azahar na gama gyaran. Layuka kaɗan ne. Oga ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ce ya yi. Na ce mu tafi gida yanzu mu fitar. Ya ce kansa na sara tun safe, kuma ba ya taɓa wannan aiki da ciwon kai, mu bari Asabar, ai ƙarshen wata da saura.

Bai kai Asabar ba. A bakin ƙofar shago ya faɗi yana ƙoƙarin buɗe kwaɗo, hawan jini. Kafin a kai shi asibiti bakinsa ya karkace, bai sake magana ba har ya cika.

Na yi kuka kamar ubana ne ya mutu, domin kusan hakan ne. Amma ko a wajen zaman makoki, 'yan zumuntar mata suna waƙa, zuciyata tana wajen ƙarshen wata. Da na sami sarari na matsa kusa da Mama na raɗa mata cewa ina bukatar shiga ɗakin Oga. Ta dube ni da jajayen idanu, ta nuna ƙofar da haɓa. An riga an sa mata sabon kwaɗo.

Yayansa ne ya sa, wani dattijo da ya taso daga Gabas da jin labari. A al'adarsu, in magidanci ya mutu akan rufe kayansa, ba mai taɓa ko tsinke sai an kai gawa gida an binne, dangi sun zauna sun ga abin da ya bari. Binnewar kuma ba ta gaggawa ba ce, gawa tana iya yin watanni a ɗakin sanyi ana shiri.

"Kada ki sa ni a bakin duniya," in ji Mama. "In na buɗe wannan ƙofa, gobe za su ce miji bai yi sanyi ba na fara kwashe kaya. Ina da yara. Je ki wurin Baba, shi ne da makulli."

Na same shi a ƙarƙashin mangwaro, na durƙusa na gaishe shi, na yi bayani iya iyawata. Hausarsa ba ta da yawa, Turancina kuma ranar ya gudu. Ya saurare ni har na gama.

"Yarinya, na ji. Injin yana nan, ba ya gudu. In mun binne shi, ka zo."

"Baba, magani za a ƙona. Mai kyau."

"Magani yana asibiti, injin yana ɗaki. Ina ruwan wannan da wancan?"

Ba mugu ba ne. Yana kare matar ƙanensa daga zargi ne, yana kare marayu daga masu ɗauke-ɗauke, kuma a idonsa ni 'yar aikin shago ce da ke son shiga ɗakin mamaci wurin abu mafi tsada a gidan. Amma a ranar da na sami iko da na fasa ƙofar nan da taɓarya. Na tashi cikin haushi, ko sallama ban yi masa ba.

Na ɗauki gyaran na hau bas zuwa Sabon Tasha. Ai rubutun a hannunmu yake, muka ce, me zai hana mu gina shi a wata kwamfutar? Muka yi kwanaki ni da mai haɗa magani muna fama. Mu haɗa ya ƙi tashi. Da ya tashi kuma sai ya rikita tsofaffin bayanan da ke ciki, ya mayar da sunan wannan magani kan wancan, abin da ya fi na farko haɗari. Akwai wani guntu da babu shi a faifan da ake rabawa, akwai kuma wani tsari na gaba da baya da ni mai zama a bayansa ban taɓa kamawa ba. Abu namu ne, a buɗe yake a gabanmu muna karantawa, amma mun kasa fitar da shi. Ban taɓa jin wulaƙanci irin na waɗannan kwanaki ba.

Da muka ga wata na neman ƙarewa sai muka koma ga baki da ƙafa. Muka raba asibitocin tsakaninmu, mai haɗa magani da malamin Kagarko da ni. Inda aka san fuskokinmu ba mu sha wahala ba, muna faɗa suke cire maganin daga cikin na ƙonawa. Saura guda ɗaya, can cikin ƙasar Kauru, bayan wani rafi da ba shi da gada. Ruwa ya yi ta zuba, rafin ya cika ya batse. Na rubuta takarda na ba wani mai kai musu kananzir, wanda ya san wata doguwar hanya ta bayan duwatsu, ya kuma tabbatar mini ya miƙa ta hannu da hannu. Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Da aka ce ruwa ya janye na ɗauki ɗan acaba muka kama hanya, wata ya riga ya ƙare da 'yan kwanaki.

A bakin rafi samari ne ke ɗaukar babur a kafaɗa su haye da shi. Muna hayewa muka yi kiciɓis da wani mutum yana ƙetarowa daga wancan gefen, jiƙe sharkaf, idonsa a waje. Ɗan acabana ya tambaye shi lafiya. Ya ce Kafanchan za shi neman allurar maciji, ɗan uwansa ne kububuwa ta sara a gonar masara, shi kuma tun shekaranjiya yake zaune a bakin ruwan nan yana jiran ya sauka. Na ce masa ai akwai allura a asibitinku. Ya ce babu, an ce ta lalace.

Asibitin ɗakuna ne 'yan kaɗan a bayan majami'a. Mai kula da shi wata nas ce da ta kai sa'ar yayar mamata, kowa Sista yake ce mata. Tana ganina ta gane.

"Kai ne yarinyan Oga? Kai ka rubuto takarda?"

Na ce ni ce. Ta kama hannuna ta zagaya da ni baya. Akwai wani rami da suke ƙona shara. Ruwan sama ya daddanne tokar, ƙananan kwalabe sun fito fili, wasu sun fashe, wasu sun yi baƙi.

A tsaye a bakin ramin ta ba ni labari. Takardata ta iso. Ta kai ta gaban kwamitin asibiti, dattawan majami'a ne, su ke tsayawa a kan ƙonawar kowane ƙarshen wata tun lokacin da wani ma'aikaci ya ba yaro lalataccen magani. Shugabansu ya juya takardar gaba da baya yana neman jan biro, bai gani ba. Ya ce ba su san wannan yarinya ba, kuma Oga da bakinsa ya ce kada a saurari kowa in ba hannunsa. Takardar ta ce Oga ya mutu, to wa ya tabbatar? Ba haka macuta suke yi ba? Sista ta ɗauko kwalbar ta nuna musu ranar da ke jiki. Suka ce sifili biyu ba shekara ba ce, tun da suke ba su taɓa ganin shekarar da ake kira babu-babu ba, wannan aikin masu kankare kwali ne, ga shi kuwa injin ya kama su.

"Na yi musu gardama," in ji ta. "Amma ni ma zuciyana ya rabu biyu. Na ce in na ajiye, na yi wa mutum, ya mutu fa? Da hannuna na zuba su. Ba wanda ya tilasta ni."

Sai ta kai ni ɗakin da mutumin da kububuwar ta sara yake kwance. Magidanci ne da bai wuce arba'in ba, ƙaƙƙarfa, irin manoman da in sun riƙe garma sai ka tausaya wa ƙasa. Ƙafarsa ta kumbura har cinya. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, saboda haka jini yake fita ta dasashinsa, ta hanci, har ta wani tsohon tabo a ƙwaurinsa da ya warke tun yana yaro. Matarsa na zaune a gefen gado da ƙwarya da tsumma, ta goge, ya sake fitowa, ta goge. Idonsa biyu, yana jin komai. Da ya ga baƙuwa da jaka sai ya yi ƙoƙarin ɗaga kai.

Matar ta ce, "Sista, wannan ne ya kawo alluran?"

Ni ce na amsa, na ce a'a, Mama, ba ni ba ce, yana hanya. A cikin jakar nan babu komai sai ɗankwalina da faifan gyara wanda ba ya aiki.

"To, Ubangiji ya kawo shi," in ji ta, ta ci gaba da gogewa.

Fasto ya zo ya yi addu'a. Sista ta ɗaura masa ruwa, ta yi duk abin da ta sani, amma abin da zai tsayar da jinin yana cikin rami. Da la'asar ya fara kiran sunayen 'ya'yansa, yana faɗa wa matar wace gona ce ba a gama noma ba. Rana ba ta faɗi ba ya cika. Ɗan uwan nasa sai washegari ya dawo, da allurar a cikin kwanon sha ya cusa ƙanƙara.

Na ji haushin dattawan nan, na ji haushin Baba mai makulli, amma wanda na fi jin haushi shi ne Oga, mutumin da nake ƙauna, wanda ke kwance a ɗakin sanyi bai san abin da ake ciki ba. Duk hanyar komawa da shi nake faɗa a zuciyata. Dattawan umarninsa suka bi. Sista tsoron kashe mutum ne ya sa ta zuba. Kowa a cikinsu yana ƙoƙarin yin daidai ne, ga kuma mace an bar ta da yara da gonar da ba a gama nomewa ba.

Ban wuce gida ba, kwatas na nufa da taɓon hanya a ƙafata. Baba na nan a ƙarƙashin mangwaro. Wannan karon ban yi dogon bayani ba. Na kira Mama ta fassara masa da yarensu, na faɗi abin da idona ya gani, tun daga ramin har tsumman. Baba ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya aika aka kira faston majami'arsu da wani dattijo maƙwabci, ya ce su tsaya shaida cewa shi ya buɗe, ba matar ba, kuma ba abin da zai fita daga ɗakin.

"Da ka ce mini mutum zai mutu," ya ce da ni yana neman makulli a aljihu.

Na buɗe baki in ce na faɗa, Mama ta taka mini ƙafa. Na haɗiye. Daga baya na gane cewa magani na ce masa za a ƙona, shi kuwa bai taɓa ganin yadda injin da ke ɗaki zai kashe mutum a gona ba.

Ko da ƙofa ta buɗu ba a ranar muka fitar ba. Kullum sai in zo, fasto ko maƙwabcin ya zauna a bakin ƙofa, ni da mai haɗa magani mu yi ta bin sawun Oga a cikin kwamfutarsa, muna gwada wannan kafin wancan. Wani abin ma da muka gano dalilinsa sai da muka yi dariya cikin baƙin ciki: layin nan da yake cirewa ya mayar, wata matsala ce ta tsohuwar kwamfutarsa da ya sayar tun tuni, hannunsa ne kawai ya saba. Kusan rabin tsafin ba shi da sauran amfani. Sauran rabin kuwa kowane mataki da dalilinsa mai kyau, sai dai bai taɓa gaya wa kowa ba.

Da muka kama bakin zaren na rantse ba za a sake yin haka ba. Muka haɗa matakan duka a cikin umarni ɗaya, mutum ya rubuta kalma guda ya danna, kwamfuta ta gina, ta gwada kanta da magungunan gwaji har da masu sifili biyu, in ta ga kuskure ta tsaya ta faɗa. Guntayen da ke ɓoye a ɗakin Oga muka juye su a kowane faifai tare da bayani da Hausa mai sauƙi. Muka ajiye kayan aikin a Kafanchan da Kagarko da Sabon Tasha. Maganar jan biro kuma muka zagaya asibitocin da kanmu, muka nuna musu fuskokinmu da hannuwanmu mu uku, muka ce na mutum biyu ya isa. Malamin Kagarko ya so a ƙara wasu matakan tsaro, muka yi ta musu har na ce masa in ya ƙara ko ɗaya to ya zo ya karɓi zanen Mama ya lulluɓe kwamfutarsa.

Saura gwaji. Na ce mu da muka gina ba mu ne za mu gwada ba, sai wanda bai taɓa yi ba. Ina cikin tunanin wa zan kira sai ga Sista a ƙofar shago, ta zo sayen magani a gari. Ta rame. Ta ce tun ranar ba ta sake kunna kwamfutar asibiti ba, in ta dube ta gabanta faɗuwa yake. Na ja kujera na ce ta zauna.

"Ni? Ni da na ƙona?"

"Ke, Sista. In ke kika iya, kowa ya iya."

Na ba ta bayanin na koma gefe na harɗe hannu, na hana kaina magana, wanda a wurina ba ƙaramin aiki ba ne. Da yatsa ɗaya take danna haruffa, tana karantawa a fili. Sau ɗaya ta tsaya, ta ce wannan layin ba ta gane ba. Muka duba, laifin bayanin ne, muka gyara shi nan take. Kafin ruwan shayin da na ɗora ya tafasa kwamfuta ta turo faifai. Na sa hannu, mai haɗa magani ya sa. Ta karɓa ta riƙe shi da hannu biyu tana kallo.

"Shi ke nan?" ta ce. "Wannan ne duka?"

Na ce wannan ne duka. Sai ta kifa kai a kan teburin ta yi kukan da ba ta yi ba a ranar. Ban ba ta haƙuri ba, domin ni ma abin da ke cina ke nan: aikin da bai kai tafasar ruwan shayi ba, shi ne aka rasa har mutum ya zubar da jininsa a kan gado.

Manhajar ta yi shekaru tana aiki bayan haka, hannuwa da yawa suka fitar da ita, wasunsu ban taɓa ganinsu ba. Na yafe wa Oga tuntuni, har gobe kuma ina cewa ban taɓa zama da mai kyauta irinsa ba. Amma abin da daminar nan ta koya mini shi ne, in ka ba mutane abu kyauta ka riƙe hanyar fitar da shi a kanka kai kaɗai, to ba ka gama bayarwa ba. Duk aikin da rai ya rataya a kansa, ka sauƙaƙa shi ka koya wa wani tun kana da bakin magana. Mutuwa ba ta jiran Asabar, kuma ba kai kaɗai take ɗauka ba.